Koyar da Ƙananan Yara Kalmomi Masu Kusancin Ma'ana, Kishiyoyi da Kalmomin Kwatance ta Hanyar Littattafai Masu Hotuna

Gabatarwa

Kamar yadda aka sani, yaro yakan shiga makarantar firamare yana ɗan shekara shida, kuma ba ya zuwa hannu rabbana, domin yakan zo da tarin kalmomin da ya tsinta a gaban iyayensa, da wurin wasa, da kuma makarantar allo. Aikin da ke gaban malami da iyaye shi ne su faɗaɗa wannan taska, su kuma nuna wa yaro yadda kalmomi suke da dangantaka da juna. Rashin yin haka shi ne yake sa a tarar da ɗalibi a aji huɗu yana iya haɗa baƙi da wasali ya furta jimla, amma da an tambaye shi abin da ya karanta sai ya yi shiru. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar tare da wasu hukumomi a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Ƙarancin kalmomi yana daga cikin dalilan wannan matsala, kuma littafi mai hotuna yana daga cikin hanyoyi mafi sauƙi na magance ta.

Taƙaitaccen Tarihi

Amfani da hoto wajen koyar da kalma ba sabon abu ba ne. Tun a shekarar 1658 wani malami a Turai mai suna Comenius ya wallafa littafin Orbis Pictus, wanda ya jera hotunan abubuwa tare da sunayensu domin yara. A ƙasar Hausa kuwa, Hukumar Talifi da ke Zariya, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da Kamfanin NNPC da aka kafa a 1966, sun samar da littattafan karatu da dama masu ɗauke da zane, waɗanda iyaye da kakanni suka yi karatu da su. A shekarun baya-bayan nan ma, shirin Mu Karanta da aka gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA na jihohin Katsina da Zamfara, sun samar da littattafan koyon karatu da Hausa ga 'yan azuzuwan farko na firamare.

Game da harshen koyarwa, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta shekarar 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankin da yake zaune. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da faɗaɗa wannan tsari zuwa shekaru shida na firamare, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya sanar da soke shi tare da komawa ga Turanci. Sai dai ko da wane harshe ake ba da darasi a aji, yaron da ya riga ya gane bambancin dogo da gajere a harshen gidansu ba ya shan wahala idan ya gamu da su a Turanci ko Larabci, domin ma'anar tana hannunsa, sabon suna kawai zai koya.

Me Ya Sa Hoto?

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Idan aka ce wa yaro ɗan shekara huɗu ya bayyana ma'anar "babba", zai rasa ta cewa. Amma idan aka buɗe masa shafi mai hoton giwa da ɓera, nan take zai nuna babba ya nuna ƙarami. Bugu da ƙari, hoto ba ya gushewa kamar yadda magana take gushewa, don haka yaro yana iya komawa gare shi sau da dama har kalmar ta zauna masa.

Har ila yau, yadda ake karanta littafin yana da muhimmanci kamar littafin kansa. A shekarar 1988 wani masani a Amurka mai suna Grover Whitehurst da abokan aikinsa sun koya wa wasu iyaye su riƙa yi wa 'ya'yansu tambayoyi a kan hotuna, suna kuma faɗaɗa amsoshin da yaran suka bayar, maimakon su riƙa karanta musu kawai. Bayan wata guda, 'ya'yan waɗannan iyaye sun fi takwarorinsu iya bayyana abu da baki.

Kishiyoyin Kalmomi

Ya fi dacewa a fara da kishiyoyi, domin su ne suka fi sauƙin nunawa a hoto. A sanya hotuna biyu a shafuka masu fuskantar juna: raƙumi dogo da jaki gajere, ƙofa a buɗe da ƙofa a rufe, tsuntsu a sama da kaza a ƙasa, yaro yana hawa bishiya da yaro yana sauka, gona da damina da gona da rani.

A nan akwai abubuwa biyu da ya kamata malami ya lura da su. Na farko, sifa a Hausa takan canza saboda jinsi da jam'i. Ana cewa dogon yaro, doguwar yarinya, dogayen yara. Haka kuma farin rago, farar tunkiya, fararen tumaki. Saboda haka littafin da ya nuna namiji tilo kaɗai bai cika aikinsa ba, sai an kawo hoton mace da na jam'i.

Na biyu, kalma ɗaya tana iya samun kishiya fiye da ɗaya. Kishiyar tsohon mutum ita ce yaro, amma kishiyar tsohuwar riga ita ce sabuwa. Ɗanyen nama kishiyarsa dafaffe, ɗanyen mangwaro kishiyarsa nunanne, ɗanyen icce kuwa kishiyarsa busasshe. Yaron da aka sa ya haddace jerin kalmomi a kan allo zai ɗauka kowace kalma kishiyarta ɗaya ce tak, alhali wanda ya ga hotunan nan uku zai gane cewa abin da ake magana a kansa shi ne yake zaɓar kishiyar.

Kalmomi Masu Kusancin Ma'ana

Bayan yaro ya saba da kishiyoyi, sai a shiga kalmomin da ma'anarsu take ɗaya ko take kusa da juna, kamar kyanwa da mage, murna da farin ciki, hanya da turba, rago da malalaci. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a nuna hoto guda a tambayi yara sunansa, sa'an nan a ce ko akwai wanda ya san wani sunan dabam. A garuruwan da jama'a suka haɗu daga sassa daban-daban, za a iya samun yaron da zai kira kyanwa da mussa, ko ya kira ɓera da kusu, kamar yadda ake faɗa a yammacin ƙasar Hausa. Bai kamata malami ya ce wa irin wannan yaro ya yi kuskure ba. Abin da ya dace shi ne a rubuta kalmar tasa a allo kusa da ta Daidaitacciyar Hausa, a bayyana cewa duka biyun Hausa ce, sai dai ɗaya ce aka fi samu a littattafai.

Amma fa kama da wane ba wane ba ce. Kalmomi da yawa suna kusa da juna ba tare da ɗaya ta iya maye gurbin ɗaya a ko'ina ba. Ana cewa akuya ta mutu, amma ladabi ya sa akan ce kaka ta rasu. Haka nan kallo, da leƙe, da hange, da harara duk aikin ido ne, amma kowanne da inda ake amfani da shi. Hoton yarinya tana leƙa rijiya, da makiyayi yana hango shanunsa daga nesa, da yaro yana hararar ɗan'uwansa, zai fayyace wannan bambanci fiye da dogon bayani. Inda malami ya yi shakka, yana iya duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da aka wallafa a 2006.

Kalmomin Kwatance

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi samun tangarɗa a littattafan da aka fassaro daga wasu harsuna. Turanci yakan ƙara ɗafi a ƙarshen sifa domin nuna fifiko, amma Hausa ba haka take yi ba, aikatau take amfani da shi. Muna cewa raƙumi ya fi doki tsawo, jaki bai kai doki tsawo ba, wannan tulu ya kai wancan girma, giwa ta fi su duka girma, ko kuma giwa ce mafi girma. Ke nan kalmomin da yaro yake bukata su ne fi, da kai, da mafi, tare da kamar, da tamkar, da daidai da.

Domin koyar da su, ana bukatar hoton abubuwa uku a jere, misali ludayi, da ƙwarya, da masaki. A fara da biyu a tambaya, "Wanne ya fi girma?" Idan yaro ya nuna ƙwarya, sai a shigo da masaki a sake tambaya. A nan ne yaro zai gane cewa ƙwaryar da ta fi ludayi ita ce kuma ba ta kai masaki ba, wato girma da ƙanƙanta sun danganta ne da abin da aka gwada. Wannan fahimta ita ce tushen darasin lissafi, inda za a ce bakwai ta fi biyar, uku ba ta kai huɗu ba. Daga baya ana iya ƙara amsa-kama, kamar fari fat, baƙi ƙirin, ja wur da kore shar, waɗanda yara suke jin daɗin furtawa.

Matakan Gudanar da Darasi

1. A zaunar da yara yadda kowa zai ga hoton, a bar su su faɗi abin da suka gani kafin a fara karatu.
2. A zaɓi kalmomi kaɗan, kamar uku ko huɗu, a kowane zama.
3. A yi tambayar da take bukatar bayani, kamar "Me ya sa ka ce wannan ya fi nauyi?"
4. Idan yaro ya ce "babba", a faɗaɗa masa: "Haka ne, sa babba ne, ya fi ɗan maraƙi girma."
5. A fita daga littafi zuwa zahiri, a gwada sanduna, duwatsu, takalma da kwanuka.
6. A maimaita littafin bayan kwana biyu ko uku, a bar yaro ya ba da labarin da bakinsa.

Ya kamata a guji gwada yara da junansu ta fuskar launin fata, ko ƙiba, ko sutura, ko wata nakasa, domin abin da aka fara da sunan darasi yana iya zama abin tsokana a wajen aji.

Inda Babu Littafi

Rashin littafin da aka buga ba hujja ba ce ta barin wannan aiki. Malami yana iya yanko hotuna daga tsofaffin kalandu da jaridu da kwalayen kaya, ya manna su a kwali, ya rubuta kalmomin da manyan baƙaƙe, ya ɗinke da zare da allura. Masu wayar hannu kuma suna iya samun labaran yara masu hotuna da Hausa kyauta a shafukan intanet irin su African Storybook da StoryWeaver. Iyayen da ba su yi karatun boko ba su ma suna da rawar takawa, domin yi wa yaro tambaya a kan hoto ba ya bukatar iya karatu.

Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don haka ana kira ga iyaye da su ware ɗan lokaci a kowace rana su zauna da 'ya'yansu a kan littafi, ko da minti goma ne bayan sallar magariba. Haka kuma ana kira ga shugabannin makarantu, da kwamitocin kula da makarantu, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, da su tabbatar cewa littattafan da suka iso makaranta sun shiga hannun yara, ba a kulle su a ofis don gudun kada su yage ba. Marubuta da masu zane na wannan jiha su ma ana fatan za su mai da hankali ga rubuta wa ƙananan yara littattafai masu hotunan abubuwan da suka saba gani. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani, amin.