AMSOSHIN WASIƘUNKU: Takardar Shaidar Aure, Ina Ake Samunta?

A wannan mako wasiƙu uku ne suka zo mana a kan magana ɗaya, dukkansu kuwa daga ƙasar Ɗanbatta, saboda haka muka ga ya fi kyau mu haɗa su mu amsa a wuri guda, kamar yadda kuka ji a rediyo.

Ta farko daga wani manomi ne a Gwarabjawa. Ya ce shekararsu 22 da aure, Allah ya ba su 'ya'ya bakwai, ba su taɓa riƙe wata takarda ba, sai ga wani ya ce masa wai auren da babu satifiket ba aure ba ne a wurin hukuma. Shi ne yake tambaya ko haka abin yake.

To Malam, ka kwantar da hankalinka, aurenka yana nan daram. Dokar Nijeriya ta san aure iri uku: na Musulunci, da na gargajiya, da kuma na rajista. Shi auren Musulunci, kamar yadda malamanmu na Malikiyya suke karantarwa, yana tsayuwa ne da waliyyi, da sadaki wanda bai gaza rubu'in dinari ba, da shaidu biyu adalai, da siga, watau a ce an nema a ce an bayar. Babu takarda a cikin sharuɗɗan. Muddin an cika waɗannan, aure ya ɗauru, alƙali ma ya san da haka.

Amma fa akwai wani hanzari. Shaidun nan mutane ne, mutum kuwa yakan tsufa, yakan yi ƙaura, yakan rasu. Ka ƙirga, Malam, cikin dattawan da suka zauna a tabarma ranar ɗaurin aurenka, nawa ne suka rage? A ƙauye kowa ya san matar kowa, gaskiya ne. Sai dai ma'aikacin banki a Kano, ko mai biyan haƙƙin mamaci a ofis, bai ci goron ɗaurin aurenka ba, bai ji sanƙira ba. Shi takarda kawai ya sani. Wannan ce ta kai mu ga wasiƙa ta biyu.

Wani bawan Allah ne daga Ajumawa ya rubuto a madadin ƙanwarsa. Mijinta ma'aikaci ne, ya rasu ya bar mata biyu, an je karɓar haƙƙinsa sai aka ce kowacce ta kawo shaidar cewa ita matarsa ce. Limamin da ya ɗaura auren ya riga mu gidan gaskiya. Yaya za su yi?

Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Abu na farko, Malam, ku bincika ko an taɓa rubuta auren a wani wuri. Ku je masallacin da aka ɗaura, ku tambayi limamin da ya gaje shi ko na'ibi, domin akwai limaman da suke ajiye littafi suna rubuta sunan ango da amarya da waliyyai da sadaki da kwanan wata, masallatai da yawa kuma yanzu har takarda suke bayarwa. In an dace an samu, a nemi liman ya rubuta muku shaida ya sa hannu da hatimi. In ba a samu ba, to ba a rasa hanya ba. Sai ku tafi kotun Shari'ar Musulunci da ke Ɗanbatta, ita matar da kanta, tare da waliyyinta ko wanda ya tsaya a madadinsa, da mutum biyu da suka halarci ɗaurin auren ko suka san zamansu na miji da mata. A nan za a yi takardar rantsuwa a gaban rajistara, a rubuta sunayen ma'auratan, da garin da aka ɗaura, da shekarar. Yana da kyau ku riƙe wasiƙar mai unguwa ko dagaci, da katin ɗan ƙasa, da hotuna ƙanana. Duk kuɗin da kuka biya ku karɓi rasit. Kada ku ba wani ɗan kai-da-kawo a bakin kotu ya je ya yi muku, domin rantsuwa ce, wanda ya yi ta a kan ƙarya laifi ne babba, a nan da can.

Ku kula da abu ɗaya wanda yake wahalar da mutanenmu ƙwarai, watau rubutun suna. In a katin ɗan ƙasa an rubuta suna iri ɗaya, a takardar rantsuwa aka sauya harafi ko aka juya sunan uba ya koma gaba, sai a dawo da ku. Tun ina koyarwa a firamare nake ganin wannan, yaro ɗaya da suna uku a takardu uku. A duba kati a kwafa daidai, harafi bayan harafi, kafin a buga hatimi.

Kuma kada a raina abin da ke cikin maganar. Matan mamaci suna da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya bari in yana da 'ya'ya, ko rubu'i in ba shi da su, su raba a tsakaninsu. In gona ce a bakin dam ɗin Tomas, ko shanu, ko rumfa a kasuwa, wannan kason ba ƙarami ba ne. Sau da yawa rigima takan taso ne idan wasu magada suka ce ai ya sake ta kafin ya rasu, ita kuwa ta ce ya mayar da ita cikin idda. Da an rubuta sakin da kwanan wata, an rubuta komen a gaban shaidu, da ba a kai ga zumunci ya lalace ba. Saboda haka takardar saki ma a adana ta, kada a yayyaga don fushi.

Rubuta aure ba sabon abu ba ne a doka. Dokar soja mai lamba 69 ta 1992, wadda ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa aikin rajistar haihuwa da mutuwa, ta ce a yi wa auren gargajiya rajista a kotun yankin da aka ɗaura shi cikin kwana 60. Tsarin mulki na 1999 kuma ya lissafa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Kotunan yanki na da, su ne suka koma kotunan Shari'a a jihar Kano a shekarar 2000. Don haka mai neman tsohon rubutu, can zai fara tambaya, sa'an nan sakatariyar ƙaramar hukuma.

Wasiƙa ta uku daga wani saurayi ne mai sayar da hatsi a kasuwar Ɗanbatta. Zai yi aure bayan kaka, abokinsa ya ba shi shawara ya je ofishin rajistar aure ya yanki satifiket irin na gwamnatin tarayya, wai ta fi ƙarfi in tafiya waje ta kama.

Samari, a nan sai ka buɗe kunne da kyau. Wannan ba takarda ce kawai da ake saya a kan aurenka ba, wani aure ne daban mai dokarsa, wadda asalinta tun 1914 zamanin Turawa. Yadda ake yinsa, za ka ba da sanarwa a ofishin rajistara, a liƙa ta a allo har kwana 21 ko akwai mai ƙorafi. In babu, a ba ka izini, a ɗaura cikin wata uku daga ranar sanarwar, a gaban shaidu biyu. Wanda bai kai shekara 21 ba sai da rubutaccen izinin iyaye. To sharaɗinsa shi ne mace ɗaya tak. Wanda ya yi shi sa'an nan ya ƙara aure, ko kuma yana da wata matar ya ɓoye ya je ya yi, dokar ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5. Har ila yau ba a rabuwa da furucin saki ko 'yar takarda, sai an je babbar kotu, ƙarƙashin dokar 1970. 'Yan'uwanmu Kirista su ne suka fi yinsa, ya kuma dace da tsarinsu. Kai da za a ɗaura maka a ƙofar gidan surukai bisa Sunna, abin da kake bukata shi ne takardar liman da ta kotun Shari'a. In tafiya ta taso, ka tambayi ofishin jakadancin ƙasar da za ka irin shaidar da suke karɓa, ka daina jin ta bakin 'yan zaman majalisa.

Takardar da lalle ba za ka tsallake ba ita ce ta asibiti. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a jihar Kano. Ta wajabta wa ango da amarya gwajin ƙanjamau, da ciwon hanta, da rukunin jini na jinotayif saboda amosanin jini, watau sikila, a asibitin da gwamnati ta amince da shi, ta kuma hana a ɗaura aure sai an ga sakamakon. Wanda ya karya, akwai tara da ta kai N500,000, ko ɗauri, ko duka biyu. Ni dai shawarata, ku je babban asibitin Ɗanbatta tun kafin a kai lefe a sa rana. Gwajin da aka yi ana saura kwana uku biki, an riga an raba goro, ko sakamako ya fito ba daɗi da wuya a sami mai ƙarfin halin cewa a fasa.

Ranar ɗaurin aure kuwa, ka sa wani ɗan'uwanka mai ilimi ya zauna kusa da liman da biro da takarda. Ya rubuta sunanka da nata, da waliyyai, da shaidu, da yawan sadaki, lakadan ne ko ajalan, da kwanan wata na Musulunci da na Bature. In da ajami aka rubuta, a yi wata da boko. A yi hoton takardar kofi biyu, ɗaya a wurinka, ɗaya a gidan iyayen amarya, asalin kuma a sa a leda a ajiye a akwatin ƙarfe saboda gara da yoyon damina.

Sauran wasiƙunku a kan iyakar gona da jinginar fili, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.