Inuwar da Magogi Ba Ya Kamawa

Duk wanda ya taso daga Ƙofar Soro ya bi titin IBB zuwa Ƙofar Ƙaura zai ga aikin masu zane da kwamfuta ta ko'ina: fostar 'yan takara, allon shago, bannar walimar saukar Alƙur'ani, katin ɗaurin aure. Galibi suna ne da ruwan zinare, da inuwa a bayansa, gefen haruffan ya kumburo kamar sassaƙa. Amma a cikin kwamfutar mai zanen, wannan inuwa ba zane ba ce tukuna. Umarni ce kawai.

Manhajar Photoshop, wadda 'yan'uwan nan Thomas da John Knoll suka ƙirƙira, kamfanin Adobe kuma ya fitar a 1990, ta samu leya a 1994, wato damar raba hoto hawa-hawa: bango daban, fuskar ango daban, rubutu daban. A 1998 aka ƙara mata adon leya, irin su inuwa da walƙiya da kumburin gefe. Mai zane yana ba da lissafi ne: inuwa ta faɗi ta wannan kusurwa, nisanta kaza, duhunta kaza. Duk sanda ya taɓa rubutun, manhajar ta sake lissafawa ta zana sabuwa. Shi ya sa in an sauya Amina zuwa Aminatu, inuwar kan biyo da kanta.

Nan kuma matsalar take. A ce inuwar sunan ta hau kan hular ɗan takara, ana son a share wannan ɓangaren kaɗai. Magogi ba zai kama ta ba, domin babu ɗigon launi ko ɗaya a wurin da zai goge. In ka juya rubutun, inuwar na nan inda haske ya ajiye ta. In ka ja shi ya ƙara girma, kaurin adon ba ya binsa. Mafita ita ce a narkar da adon ya koma fiksel, ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto. Tun fitowar Photoshop CS6 a 2012, danna dama a kan leyar ya isa, sai a zaɓi Rasterize Layer Style. Tsofaffin hannu har yanzu da tsohuwar dabara suke aiki: su buɗe leya marar komai a ƙasa, su haɗe biyun da Ctrl da E. Masu CorelDRAW, waɗanda ba su da kaɗan a shagunanmu, suna da nasu, Convert to Bitmap.

Daga nan inuwar ta zama taka, ka goge, ka yanka, ka shafa mata launi. Sai dai an dama fura da nono ke nan. Da zarar ka adana aikin ka rufe, ba zai sake komawa rubutu ba. Gobe dangin amarya su zo su ce an ɗaga biki da mako guda, kwanan watan ba zai gyaru ba sai an sake shi daga farko.

Akwai asarar da masu koyo ba su cika lura da ita ba. Inuwa tana duhunta abin da ke ƙarƙashinta ne, walƙiya kuma tana haskaka shi. In an narkar da su, wannan hulɗa da bango takan yanke, sai walƙiyar da ta yi kyau a kan shuɗi ta koma wani fari-fari kamar hazo. Sannan fiksel ƙidayayyu ne. Wanda ya narkar da suna a girman katin gayyata, daga baya aka ce a buga shi a bannar da za ta rufe gaban rumfa, gefen haruffan zai fito da tsaga-tsaga, sai a ɗora wa mai injin bugawa laifi, alhali ba ruwansa.

Duk da haka ban ga dalilin gudun narkarwa ba, musamman ga mai rubuta Hausa. In ka kai aiki wurin bugawa kuma kwamfutarsu ba ta da salon haruffan da ka yi amfani da shi, za ta musanya da wani, kuma ba kowane salo ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Sai Ɗanladi ya fito da akwati a farkon sunansa. Narkakken rubutu ba ya wannan.

Abin da nake zargi shi ne gaggawa. Yaro ya ga kwamfuta ta yi nauyi, ko yana tsoron a ɗauke wuta, sai ya danna Flatten Image, wanda ke murƙushe dukan leyoyin su zama ɗaya, har ya cike gurbin da babu komai da fari. Alhali Ctrl da J kawai zai danna ya kwafi leyar, ya ɓoye ta asali, ya narkar da kwafin. In inuwar kaɗai yake son taɓawa, Create Layers zai ware masa kowane ado a leyarsa, rubutun kuma ya ci gaba da gyaruwa. Akwai kuma Smart Object, tun 2005, da ke naɗe leya da adonta wuri guda ba tare da an rasa na ciki ba. Kwastoma da mai bugawa a ba su PDF ko JPEG, fayil ɗin PSD mai leyoyinsa kuwa ya zauna a shago.