Haɗa irin shanu: daga ina maraƙi ke gadon nauyinsa?

Makiyayin da ya haɗa saniyarsa da bijimin waje yana fatan samun maraƙi mai saurin girma da yawan nama. Amma ribar tana farawa ne daga ranar haihuwa: idan maraƙi ya fi ƙarfin ƙugun uwarsa, naƙuda kan yi tsawo, wani lokaci a rasa uwa da ɗa.

Masana kiwo sun ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na bambancin nauyin maruƙa a ranar haihuwa gado ne ke kawo shi. Sauran ya dogara ga abincin uwa, shekarunta, da tsawon cikin. Namiji kuma yakan fi mace nauyi.

Tazarar da ke tsakanin iri-iri ba ƙarama ba ce. Maraƙin Azawak, irin da ake tacewa a tashar kiwo ta Tukunus da ke yankin Filinge, yakan zo da ɗan abin da ya haura kilo 20. Na Sharole, saniyar nama ta Faransa, yakan wuce kilo 40.

Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa ba irin kaɗai ke da tasiri ba, har da wane ne uba, wace ce uwa. Idan bijimin Brahman mai tozo ya hau saniyar Angus marar tozo, maraƙin yakan fi nauyi da kilo da dama a kan wanda aka samu daga bijimin Angus da saniyar Brahman, ko da yake jininsu rabi da rabi ne duka. Mahaifar saniya mai tozo tana taƙaita girman ɗan da ke cikinta.

Wannan ya shafi Nijar kai tsaye, domin Azawak, Bororo da Gudali duk masu tozo ne, yayin da Kuri ta tafkin Cadi ba ta da shi. Sai dai kariyar tana da iyaka, musamman ga karsanar da ba ta gama girma ba.

Shi ya sa likitocin dabbobi ke ba da shawarar a tambayi nauyin 'ya'yan bijimi kafin a karɓi maniyyinsa, a ware wa karsana wanda 'ya'yansa ke zuwa ƙanana, sannan a auna kowane maraƙi a rana ta farko a rubuta. Rage wa saniya mai ciki abinci ba mafita ba ne: ƙarfin naƙuda da nono yake rage mata.