Kamfanin gadi da shara: Samun kwangila ba shi ne aikin ba, biyan albashi ne

Duba ƙofar bankin da ke unguwarku, ko asibitin kuɗi, ko rukunin gidajen masu hali a Kano, Kaduna da Abuja. Maigadin da ke buɗe maka get da matar da ke goge tayil, galibi ba ma'aikatan wurin ba ne. Wani kamfani ne ya ɗauke su, ya ɗinka musu kaki, ya turo su, shi kuma yana karɓar kuɗi duk wata. Tun zamanin mulkin Obasanjo da gwamnatin tarayya ta miƙa irin waɗannan ayyuka ga 'yan kwangila, kasuwar ta buɗe, kuma matasa da yawa na hangen ta. To, kafin ka buga kati ka saka talla a Facebook, zauna mu yi lissafi.

Da farko, gadi da shara ba hanya ɗaya ake shigar su ba. Kamfanin gadi yana ƙarƙashin dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta 1986. Bayan rajista da hukumar CAC, sai ka nemi lasisi ta hannun hukumar sibil difens, wadda ke sa ido a kan harkar, kuma dokar ta haramta wa masu gadinka riƙe bindiga. Ita kuwa shara da goge-goge ba ta buƙatar wannan lasisin. Da rajista, da mofa, da bokiti, da mutum uku masu amana, ka fara. Shi ya sa mai ƙaramin jari gara ya faro daga nan: wanke sabon gini bayan an gama fenti, share zauren biki, tsaftace ofis. A irin wannan aiki kana iya karɓar rabin kuɗi kafin ka fara, kuma bidiyon yadda wurin yake da yadda ya koma ya ishe ka talla a WhatsApp da TikTok.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen yanka farashi. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024. Idan kamfani ya kai girman da doka ta hau kansa, akwai kashi 10 na fansho da kashi 1 na asusun NSITF, wato mutum ɗaya ya tashi kusan naira 77,700. Ƙofar da ake tsarewa dare da rana tana cin mutum biyu, da na uku mai canjinsu ranar hutu. Kenan naira 233,100 a wata, ba a yi maganar kaki, takalmi, tocila, mai duba aiki da haraji ba. Idan wani ya ce zai ba ka 150,000 ka ce "na yarda" don kada kwangila ta wuce ka, daga aljihun wa za a cike giɓin? Daga na maigadi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi kuwa maigadin da bai ƙoshi ba, ko dai ya yi barci, ko ya gudu, ko ya buɗe wa ɓarawo ƙofa, kuma sunan kamfaninka za a kira.

Sai babbar matsala, jinkirin biya. Ma'aikata na jiran albashi ƙarshen wata, amma wanda ya ba ka aikin yana iya cewa takarda na kan teburin oga. Mutum 10 kacal, idan aka yi wata 3 ba a biya ka ba, kana buƙatar sama da naira miliyan 2 da dubu 300 ka riƙe su. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Don haka kada ka karɓi aikin da ba ka da albashin wata 2 ko 3 nasa a ajiye, kada kuma ka jingina da ma'aikatar gwamnati guda ɗaya. Haɗa da makarantu, shaguna da gidajen da ke biya a kan lokaci.

Komai ya shiga takarda: ranar biya, wanda zai sayi sabulu da sauran kayan aiki, wanda zai ɗauki asara idan kaya suka ɓace, da sharaɗin sake farashi idan albashi ya tashi. Duk wanda za ka ɗauka, karɓi lambar NIN ɗinsa da mutumin da zai tsaya masa, ka je ka ga gidansu da idonka. Sannan ka riƙa kai ziyarar ba-zata da ƙarfe 2 na dare, don a lokacin ne ake sanin ko akwai gadi ko babu.

Ɗan'uwa, ƙofa 2 da kake biyan masu tsaronta ranar 28 ga wata sun fi ƙofa 20 da ake bin ka bashi. Masu ba da kwangila suna tambayar juna, masu gadi ma haka.