Muzuru mai fesa fitsari: mi za a yi da shi?

Ƴan'uwa manoma, kowa ya san amfanin kyanwa cikin gida. Ita ce mai gadin rumbu. Amma muzuru yana da wani hali mai ban haushi. Yana fesa fitsari bisa bango, bisa buhun hatsi, har bisa tabarma. Wari ya kama ɗaki. Uwargida ta ɗauki muciya, yara su bi shi da jifa, ya bar gidan. Bayan ƴan kwanaki kusu ya shiga rumbu. An rabu da wari, an gamu da ɓarna.

Mi ya sa yake haka?

Ba ƙeta ba ce. Manomi yana dasa gamba bakin gonarsa don a san iyaka. Shi muzuru, fitsari ne iyakarsa. Warin yana gaya ma sauran muzurai cewa wurin nan da mai shi. Yana kuma kiran mata.

Ku dube shi da kyau. In fitsari ne na kullum, sai ya tona ƙasa, ya tsugunna, ya rufe. In fesawa ce, tsaye yake yi. Ya juya baya ga bango, ya ɗaga wutsiya tana rawa, ya fesa kaɗan, ya wuce.

Yana fara wannan in ya balaga, wajen wata 6 da haihuwa. Marainansa ne ke zuba wani abu cikin jini. Abin nan shi ke sa shi yawon dare, da faɗa, da fesa fitsari. Don haka duka ba ya hana shi. Muzurun da ya tsorata ma ƙara fesawa yake yi.

Maganin shi ne fiɗiya

Kun san bunsuru, kun san taure. Taure ba ya wari, ba ya bin awaki. Haka muzuru yake in an fiɗiye shi. Cikin muzurai 10 da aka yi ma fiɗiya, wajen 9 suna bari, ko su rage ƙwarai. Ya fi kyau a yi kafin ya cika wata 6, tun bai saba ba. Babban muzuru ma ana yi mishi, amma sai an yi haƙuri sati da dama.

Waɗansu suna cewa fiɗiyayyen muzuru ba ya kama kusu. Ba gaskiya ba ne. Yana farauta kamar da. Kuma tun da ya rage yawo, ya fi zama kusa da rumbu. Sai dai kar a cika shi da abinci, don yana saurin ƙiba.

Aikin likitan dabbobi ne

Kar ku yi mishi dandaƙa. Kar ku ɗaure shi da roba. Kar ku sa aska. Muzuru ƙarami ne, zubar jini ko ruɓewar rauni na iya kashe shi. Likita yana yi mishi allurar barci, ya gama aikin cikin ƴan mintoci.

1. Ku fara tambayar ma'aikacin kiwo na wajenku inda ake yi, da kuɗin aikin. Akwai likitocin dabbobi a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai.
2. Ku tambayi likita tun yaushe za a hana shi abinci kafin aikin.
3. Ku kai shi cikin kwando mai murfi, wanda iska ke shiga.
4. Ku roƙa a yi mishi allurar haukan kare, don kyanwa ma tana ɗaukar ciwon.
5. In kun komo, ku aje shi cikin ɗaki mai tsabta, da ruwan sha. Raunin yana warkewa cikin kwana 10.
6. Kar ku ba shi farasitamol. Guba ce ga kyanwa, ƙwaya guda na iya kashe ta.

Ku wanke wurin

In warin bai fita ba, zai koma ya fesa wuri guda. Ku wanke da ruwa da sabulu sau da yawa. Ku shanya tabarma ga rana. Ku aza buhunan hatsi bisa katako, ku riƙa rufe ƙofa. Ku kuma kori baƙin muzurai, don su ke tayar mishi da hankali.

Hattara!

In kun ga muzuru yana ta tsugunno yana kuka, fitsari ba ya fita ko yana fita da jini, wannan ba fesawa ba ce. Ciwo ne. Mafitsara na iya toshewa, ya mutu cikin kwana 2 ko 3. Ku kai shi likita ran nan.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta ma maƙwabcinsa. Hatsin da muka sha wahalar nomawa, kar mu bar ma kusu.