Tsohon Jere a Sabon Ɗaki: Kayan Gado da Adon Gida a Ƙasar Gobir

[Kiɗan shantu, sannan a sassauta shi]

Shirin musamman na wannan mako ya nufi gabashin jihar Sakkwato, wato ƙasar Isa da ta Sabon Birni da garuruwansu irin su Kamarawa, domin duba wani al'amari da ake yi wa kallon ƙarami alhali tarihi da dukiya da zumunci duk suna rataye da shi, shi ne yadda ake sabunta adon ɗaki ba tare da an raba shi da tsofaffin kayan da aka gada ba.

Wannan yanki shi ne cibiyar tsohuwar daular Gobir. Kufan Alƙalawa, birnin da Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki a cikinsa, birnin da kuma ya faɗa hannun mayaƙan jihadi a 1808, yana cikin ƙasar Sabon Birni ta yau, a kusa da gulbin Rima. Bayan faɗuwar birnin wani ɓangare na gidan sarautar ya kafa Tsibiri a kusa da Maraɗi, daga bisani wani ɗan gidan, Ɗan Halima, ya ɓalle daga can ya kafa Sabon Birni, sannan iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta zo ta raba ƙasar gida biyu ba tare da ta iya raba dangi ba. Auratayya da cinikayya sun ci gaba da ƙetare wannan iyaka, shi ya sa ɗakin amarya a Isa da ɗakin amarya a Tsibiri suka daɗe suna kama da juna, tun da kasuwanni guda ne suke ciyar da su, daga ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis har zuwa ta Maraɗi.

Abin da ake kira jere shi ne tsara kayan ɗakin amarya a jikin bango ko a kan wani abu mai tudu, manya a ƙasa ƙanana a sama, aikin da gwaggwanni da innoni da yayyen amarya suke taruwa su yi kafin a kai ta. Bisa al'ada iyayen yarinya ne suke ɗaukar nauyin waɗannan kaya, uba ya ji da gado da katifa, uwa kuma ta ji da kwanoni da ƙore, kuma uwa takan fara tari tun yarinya tana ƙarama, da ribar sana'arta ta cikin gida, da kuɗin tallan da yarinyar take yi, da kwasar adashi, da kuma bikin da ƙawaye suke mayar mata. Muhimmin abu a nan shi ne kayan mallakar matar ne ita kaɗai, miji ba shi da iko a kansu, idan aure ya mutu da su take fita, idan kuma yunwa ko ciwo ya matsa sai ta zare ɗaya ta ba dillaliya ta sayar. A shekarun fari na 1973 zuwa 1974, da kuma na 1984, irin wannan ajiya ce ta tsaya wa gidaje da yawa a arewacin ƙasar Hausa. Barbara Cooper, masaniyar tarihi 'yar Amurka, ta yi bayani mai faɗi a kan matsayin kayan ɗaki a rayuwar mata a littafinta game da aure a Maraɗi, wanda ya fito a 1997. Saboda haka wanda ya dubi jere ya ga ado kawai bai ga rabin abin ba, domin taskar mace ce, kuma shaida ce ta yawan mutanen da suke tsaye a bayanta.

Wanda ya bi tarihin jeren zai tarar bai taɓa tsayawa a kama ɗaya ba. Na farko da aka sani na ƙwarya ne, wadda ake fafewa daga duma a kankare ta, a yi mata zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi, a jera ta ɗaya cikin ɗaya ko a ɗora ta a ragaya, wato igiyar da ake saƙawa a rataye daga rufin ɗaki don kada ɓera ko kyanwa su kai ga abin da ke ciki. Tare da ita akwai akushi, baƙin kwanon itace da masassaƙa suke yi don zuba tuwo, da faifan rufi da mata suke saƙawa su rina shi launi-launi, da ludayi da mara, da adudu, wato kwandon ciyawa mai murfi da ake ajiye tufafi. Masu hali sukan ƙara da tasa da kumbo na tagulla ko farin ƙarfe, waɗanda fatake suke kawowa, kuma aikin maƙeran Bida a ƙasar Nufe ya yi suna ƙwarai a wannan fanni. Zuwan Turawa ya kawo kwanon ƙarfe mai rufin fenti mai sheƙi, da farko daga Turai da Hong Kong, kafin a kafa masana'antunsa a Ikko da Kano a wajen shekarun 1960, kuma daga nan ne sunaye irin su langa da samira da kwalla da fanteka suka cika bakin mata. Gadon ƙarfe mai rumfa ya maye gurbin gadon ƙasa da na kara, kabad mai gilashi ya ɗauke kaya daga jikin bango, tangaran da kula suka biyo baya. Sai dai a duk waɗannan sauye-sauye uwa ba ta fasa saka wa 'yarta ƙwarya ɗaya ko tasa ɗaya daga nata jeren ba, ta yadda sabo yakan zauna ne a gefen tsoho. Abin da yake baƙo a wannan zamani shi ne zubar da tsohon gaba ɗaya.

Kuma zubarwar tana tafiya da sauri. 'Yan gwangwan suna bin lungu-lungu suna sayen tsohuwar tasa a kan nauyinta, kamar yadda suke sayen kowane ruɓaɓɓen ƙarfe, daga nan sai narkarwa, wasu matan kuma sukan ba da samirar da ta shekara arba'in a karɓi bokitin roba wanda rana za ta busar ya tsage cikin 'yan shekaru. Wannan ciniki asara ce tsantsa, ko da an auna shi da ma'aunin kuɗi kaɗai, balle a tuna cewa irin waɗannan kaya ne manyan otal-otal na Abuja da masu tara kayan tarihi a Turai suke saye da tsada su ƙawata bango da su. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma a sha'anin kayan ɗaki an bar kunyar a kira mutum ɗan ƙauye ta rinjayi wannan sani.

[Kiɗan kotso na Narambaɗa, a taƙaice]

Ba zai yiwu a yi maganar gida a wannan yanki a tsallake halin da gidajen suke ciki ba. Tun daga wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni, an kashe mutane, an ƙone rumbuna da ɗakuna, kuma dubun-dubatar jama'a sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Rumji, yayin da wasu suka tare a cikin garin Isa ko Sabon Birni ko birnin Sakkwato. Matar da ta fita cikin dare da goyo ba ta ɗaukar kwalla, wadda kuma aka sace wa miji ko ɗa, jerenta yana cikin abin da ake fara sayarwa wajen haɗa kuɗin fansa. Ta haka ajiyar da aka yi ta miƙawa daga kaka zuwa jika ta salwanta a gidaje masu yawa cikin 'yan shekaru kaɗan. Wannan ne ya sa maganar adon ɗaki a ƙasar Gobir ta wuce maganar ƙawa, domin duk akushi ko tasa da ta tsira a yau ta zama abu mai wuyar samu, kuma ga iyalin da suka sake kafa gida a ɗakin haya ko a gidan ɗan'uwa, sau da yawa ita ce kaɗai abin da ya rage a hannu daga garin da aka baro.

Game da yadda za a yi gyaran kuwa, matakin farko shi ne zaɓe, saboda ɗakin yau, mai kujeru da talabijin, ba zai ɗauki jeren bango guda irin na da ba, kuma cunkoso yana kashe kyan kowane abu. Tasa uku ko huɗu masu bambancin girma a kan katako ɗaya da aka kafa a bango sun fi talatin da aka cusa a ƙarƙashin gado fitowa. Faya-fayai masu launi, idan aka kafa su a bangon da aka shafe da farar ƙasa ko farin fenti, suna ba da adon da hoton kanti ba zai bayar ba, tsohon adudu ko akwatin ƙarfe yana iya zama wurin ajiye darduma da mayafai, randa kuma, idan aka girke ta a inuwa a kan yashi mai laima, tana nan tana sanyaya ruwa ba tare da jiran wutar lantarki ba. Ya fi kyau kayan su ci gaba da aiki gwargwadon hali, domin abin da hannu yake taɓawa kullum ba ya lalacewa da wuri kamar wanda aka manta a loko.

Kowane irin kaya yana da tasa kulawar. Tagulla tana dawo da haskenta idan aka cuɗa ta da jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka mai laushi, aka ɗauraye, aka goge ta bushe sarai, amma yashi da soson ƙarfe suna cinye zanen da maƙeri ya buga mata. Kwanon fenti da ya ɓantare yakan yi tsatsa a gurbin, don haka gara a daina cin abinci a cikinsa, a shafa wa wurin ɗan mai a bar shi ga ado. Akushi yana son a riƙa shafa masa man gyaɗa ko man kaɗe jefi-jefi, kuma a nisanta shi da rana don kada ya dare. Babbar abokiyar gabar ƙwarya da faifai da adudu ita ce gara, sai kuma laimar damina, shi ya sa magabata suka rataye su ba su ajiye a ƙasa ba, kuma hikimar ragaya ke nan. Kayan fata ma haka suke, kuma a nan yankin yana da abin alfahari, domin fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majema suke jemewa da bagaruwa a rina ta ja da karan dafi, ita ce ayari ya riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Tumtum guda na aikin dukawa, wato matashin fata da ake kishingiɗa a kai, tare da buzu ko tabarmar kaba, ya isa ya sauya kamannin zaure ko turakar maigida.

Akwai kuma abin da kasuwa ba ta sayarwa, shi ne alamar mai ɗakin kanta. Faifan da mace ta saƙa da hannunta, da zanen gadon da ta yi wa ɗinkin ado, da allon zayyana na ɗan da ya sauke Alƙur'ani, wato allon da ake ƙawatawa da zane mai launi don ranar walimar sauka, da gafakar kaka, jakar fatar da yake ajiye Alƙur'aninsa, da hoton iyaye na baƙi da fari ga gidan da ya yarda da ajiye hoto, su ne suke bambanta ɗakin wance da na wance a lokacin da kowa yake sayen labule da kujeru iri ɗaya. Allo da gafaka suna buƙatar wuri mai tsayi da tsabta saboda alfarmar abin da suke ɗauke da shi. Yana da kyau ƙwarai, tun tsofaffin gida suna raye, a tambaye su asalin kowane abu, wace ce ta fara mallakarsa, daga wane gari aka kawo ta, a wane biki aka ba ta, a rubuta da boko ko da ajami a ajiye tare da kayan, ko a naɗi muryarsu a waya. Gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato yana adana takardu da kayan tarihin manya, amma tarihin mata na karkara yawancinsa a cikin ɗakunansu yake, kuma in ba 'ya'yansu suka riƙe shi ba babu wata hukuma da za ta zo nemansa.

Ga waɗanda gudun hijira ya raba da komai, hanyar da ta rage ita ce masu sana'ar da suke raye. Har yanzu ana samun masassaƙa da masu fafe ƙwarya da mata masu saƙar faifai, da yawansu ma suna cikin waɗanda aka raba da garuruwansu, suna aikin a inda suka sami mafaka, kuma sayen aikinsu yana cika ɗaki yana kuma ciyar da wani gida. Wanda ya fi fuskantar barazanar ɓacewa shi ne gyartai, mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya ta hanyar huda gefunan tsagar ya ɗaure su har ta koma riƙe ruwa, domin tun da roba ta yi arha mutane suka daina kiransa, yara kuma suka daina koyo. Gidan da yake da tsohuwar ƙwarya mai zane da ta tsage ya kamata ya neme shi a ranar kasuwa tun ana iya samunsa, a kuma biya shi ladan da ya dace da gwanintarsa.