Alkawarin Dandali Daban, Ƙuri'ar Zauren Majalisa Daban

Duk dillalin da ya san aikinsa ba ya sayen sa don kirarin da mai shi ya yi masa. Sai ya buɗe baki ya duba haƙora, ya taɓa tozo, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. To, 'yan uwa fatake, abin mamaki shi ne in aka zo maganar 'yan siyasa sai mu aje wannan dabara a gida, mu tsaya ga kirari kawai. Yau za mu buɗe bakin jam'iyyar APC mai mulkin Nijeriya tun 2015, mu ƙirga haƙoranta. Ba mun zaɓe ta don ƙiyayya ba ne. Dalili shi ne mafi yawan shanun da ke tashi daga Maraɗi da Damagaram da Tawa da Cadi da arewacin Kamaru, ƙarshensu kasuwannin Nijeriya ne: Maigatari, Illela, Jibiya, Mubi, Fataskum, daga nan tirela ta kwasa zuwa Ikko da Badun da Fatakwal. Abin da aka zartar a majalisunsu yana shiga aljihunmu, ko muna da katin zaɓen can ko ba mu da shi.

Mu fara da maganar burtali da makiyaya. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Da rikicin manoma da makiyaya ya yi ƙamari, gwamnatin Muhammadu Buhari ta sha faɗin cewa za ta farfaɗo da su. A watan Nuwamba na 2016 aka kawo ƙudurori kan kiwo gaban Majalisar Dattawa, wadda APC ke da rinjaye a cikinta, har da na Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso da na Sanata Barnabas Gemade, dukansu 'yan APC a lokacin. Me ya faru? Aka ce ai wannan hurumin jihohi ne, aka janye su. Shiru kake ji.

A 2017 kuma majalisar Jihar Binuwai ta zartar da dokar hana kiwon sake, Gwamna Samuel Ortom ya sa hannu, ta fara aiki ran 1 ga Nuwamba. A lokacin nan Ortom ɗan APC ne, sai 2018 ya fita. Dokar ta hana kora dabbobi a ƙasa daga wani wuri zuwa wani, sai dai a mota ko jirgin ƙasa. Wanda ya san bambancin kuɗin ɗan kora da kuɗin tirela ya san abin da wannan ke nufi ga ƙaramin falke.

A 2019 gwamnatin tarayya ta fito da shirin RUGA na tsugunar da makiyaya. Bai yi nisa ba aka dakatar da shi a farkon watan Yuli saboda hayaniya. A watan Yuni na 2021 Buhari ya faɗa a talabijin cewa ya sa a tono tsofaffin takardun gwamnati na burtali, a Agusta kuma ya amince a sake duba wuraren kiwo 368 a jihohi 25. Amma a daidai waɗannan watanni majalisun Ondo da Ikko da Ogun da Osun, dukansu a hannun APC a lokacin, suka zartar da dokokin hana kiwon sake, gwamnoninsu suka sa hannu. Wato shugaba yana cewa gabas, 'yan majalisar jam'iyyarsa suna ɗaga hannu suna cewa yamma.

A faɗi gaskiya, ba APC kaɗai ba ce. Jihohin da PDP ke riƙe da su a lokacin, irin su Ekiti a 2016, da Taraba a 2017, da Oyo a 2019, su ma sun yi irin wannan doka. Kuma manoman da aka cinye wa gona ko aka kashe wa dangi suna da kukansu na gaskiya, ɗan majalisar da ke wakiltarsu dole ya ji. Ruwa ba ya tsami banza. Laifin da muke gani shi ne a zo tike a yi mana alkawarin abin da aka san ba a hannun mai alkawarin yake ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnoni. Ke nan duk wanda ya tsaya a Abuja ya ce zai ba ka burtali a wata jiha, cinikin biri a sama yake yi da kai.

Sai maganar iyaka, wadda ita ce ruhin sana'armu. Ran 7 ga Yulin 2019, a Yamai, Buhari ya sa hannu kan yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka. Ko wata biyu ba a yi ba, cikin Agusta, Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disambar 2020. Wata goma sha shida ke nan, duk da yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 kan zirga-zirgar jama'a da ta 1998 kan ƙetarawa da dabbobi. Wannan umurni daga fadar shugaban ƙasa ya fito. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, sai Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Duk wanda ya ciyar da garke a bakin iyaka yana sayen dusa da harawa, shanu suna ramewa a gabansa, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Akwai alkawarin da aka cika kuwa. Bola Tinubu ya ce zai cire tallafin man fetur, ya kuma cire ran 29 ga Mayun 2023, ranar da aka rantsar da shi. A 2024 ya kafa ma'aikatar kula da kiwo, aka ba Idi Mukhtar Maiha minista. Amma a watan Yunin wannan shekara ta 2024 Sanata Titus Zam na Binuwai, ɗan APC, ya kawo ƙudurin hana kiwon sake a ƙasa baki ɗaya. Mataimakin shugaban majalisar, Barau Jibrin, shi ma ɗan APC, yana cikin waɗanda suka soki ƙudurin. Duk da haka ya tsallake karatu na biyu. Jam'iyya ɗaya, baki biyu.

Kun san yadda aka yi ƙuri'ar? Da murya. Shugaba ya ce masu so su ce e, marasa so su ce a'a, ya buga guduma. Haka ake zartar da galibin al'amura a can, ba a rubuta sunan kowa. Gobe kowane sanata zai iya zuwa kara ya rantse cewa shi yana tare da mu, ba mai takardar da zai ƙaryata shi.

Mu dubo gida kuma. A Nijar, manyan dokoki biyu da suka kare makiyayi, wato ta 2 ga Maris 1993 kan tsarin karkara da ta 20 ga Mayu 2010 kan kiwo, dukansu gwamnatocin riƙon ƙwarya ne suka sa musu hannu. Ba majalisar jam'iyyu ce ta kaɗa musu ƙuri'a ba, duk yawan alkawarin da aka sha yi a dandali. Wannan ma abin tunani ne.

To mene ne abin yi, ga zaɓen 2027 yana tafe a Nijeriya? Na farko, kowane reshe na ƙungiya ya samu littafi, sakatare ya riƙa rubuta wanda ya zo, da ranar, da abin da ya ce. Na biyu, in ɗan takara ya yi alkawari, sarkin tike ya tambaye shi cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, wannan abu a hannun wa yake, shugaban ƙasa, ko gwamna, ko majalisa?" Na uku, in ya taɓa zama a majalisa, a tambaye shi ina ya tsaya ranar da aka kawo maganar kiwo da ta rufe iyaka. Na huɗu, mu haɗa baki da 'yan uwanmu na tsallake masu ƙuri'a. A Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, haɗaɗɗiyar ƙungiyar fataken shanu da kayan abinci ta tsayar da lodi zuwa kudu. Cikin mako guda nama da tumatir suka yi tsada a Ikko, manya suka nemi a zauna. Ba muna kiran a tare hanya ba ne, muna tuna wa juna ne cewa murya ɗaya tana da nauyi.

Na ƙarshe, kada kowa ya ci bashi ya tara shanu don an yi alkawarin buɗe hanya ko rage haraji. A jira a ga takarda a hannun jami'in duwan tukuna. Gani ya kori ji. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, amin.